Matakan Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Yankari da Ware Su Dangi-Dangi

Da farko, ka je da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, tsuntsaye suka taru bakin kogin Gaji. Ka fita da sassafe tare da ɗan jagora, cikin tufafi masu launin ƙasa. Farar riga tun daga nesa take tona maka asiri.

Na biyu, ka samu gindin bishiya ka zauna, rana tana bayanka. Kada ka bi tsuntsu, bari shi ya zo. Ka saita kyamara a kan idonsa, sannan ka ƙara hoton baki, da ƙafafu, da lokacin da ya tashi. Ni hoton tashin nan na fi so, domin shi ke raba gardama: zalɓe da balbela suna naɗe wuya idan suna shawagi, shamuwa da borin tunke kuwa dangi ɗaya ne, amma shamuwa miƙe nata take yi ɗoɗar, shi kuwa borin tunke naɗe nasa yake yi.

Na uku, rubuta rana da wuri nan take.

In ka koma masauki a Wikki, buɗe wa kowane dangi jakarsa a kwamfuta, da sunan dangin na kimiyya. Zalɓe da balbela su shiga Ardeidae, shamuwa Ciconiidae, kurciya da hasbiya Columbidae, shirwa da ungulu Accipitridae. Kada kamanni su ruɗe ka: zabo Numididae ne, fakara kuwa Phasianidae. Wanda ya shige maka duhu, ajiye shi gefe sai ka duba littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma.