Darasi na Tara: Haɗa Hannun Gem da Kwamfuta

Wasu wasanni, musamman ƙwallon ƙafa da tseren mota, sun fi daɗin bugawa da hannun gem a kan kibod. Ba sai an sayi wani sabo ba. Hannun Xbox ko na PlayStation da kuke da shi zai yi aiki a kwamfuta mai Windows 10 ko Windows 11, ta kebul ko ta Bluetooth.

Ku fara da kebul. Shi ne mafi sauƙi, kuma shi zai nuna muku ko hannun lafiyarsa ƙalau.

Ku ɗaga hannun, ku duba bakin cajin da ke samansa. In ƙarami ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, wannan micro-USB ne. Irinsa ne a hannun PlayStation 4 da na Xbox One, waɗanda suka fito a 2013. In kuwa bakin ya ɗan fi faɗi, gefunansa a zagaye, kebul yana shiga ta kowace fuska, to USB-C ne. Shi ne a hannun PlayStation 5 da na Xbox Series, na shekarar 2020. Ku sa ƙaramin kan kebul a hannu, babban kan a jikin kwamfuta, ku ɗan jira. Kwamfuta za ta yi ɗan ƙara, fitilar hannun ta kama.

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Akwai kebul ɗin da caji kawai yake yi, ba ya ɗaukar saƙo. A ido ba ku bambanta shi da mai kyau. Fitila za ta kama, amma ku danna iya danninku, wasa ba zai motsa ba. Sai mutum ya fara zargin kwamfuta, alhali ba laifinta ba ne. Kafin ku taɓa komai, ku canza kebul. Gwaji mai sauƙi: ku haɗa wayar salula da kwamfuta da shi. In kwamfuta ta ga hotunan da ke cikin wayar, kebul ɗin mai kyau ne.

Yanzu sai Bluetooth. A kwamfuta ku buɗe Settings, ku shiga wajen Bluetooth, ku kunna shi, sannan ku danna Add device (a Windows 10 sunansa Add Bluetooth or other device), ku zaɓi Bluetooth. Kwamfuta ta fara nema ke nan. Saura ku sa hannun ya bayyana kansa.

A hannun Xbox, ku danna madannin tsakiya mai tambari har ya haska. Sai ku riƙe ɗan ƙaramin madannin da ke sama, kusa da bakin caji, kamar daƙiƙa 3. Tambarin zai fara ƙyaftawa da sauri. A hannun PlayStation 4, madannai biyu ake riƙewa tare, PS da Share, har doguwar fitilar ta fara ƙyaftawa. Na PlayStation 5 ma haka ne, sai dai madanni na biyun sunansa Create, yana hagu daga sama. Sunan hannun zai fito a allo. Na PlayStation 4 yakan fito da sunan Wireless Controller kawai. Ku danna shi. In fitila ta daina ƙyaftawa ta tsaya, an haɗu.

Ba kowane hannun Xbox One ne yake da Bluetooth ba. Na farkon ba su da shi, sai a 2016 aka fara sa musu. Ku duba robar da ta kewaye madannin tambari. In a haɗe take da fuskar hannun, abu guda, yana da Bluetooth. In a haɗe take da robar sama inda madannan kafaɗa suke, ba shi da shi. Ko ku kwana kuna dannawa ba zai fito ba. Irin wannan sai kebul, ko ɗan adaftan Xbox da ake sokawa a USB. Haka kuma kwamfutocin tebur da dama ba su zo da Bluetooth ba, su ma adafta ake saka musu.

To hannu ya haɗu, amma wasa bai gane shi ba fa? Na Xbox ba kasafai yake yin haka ba, domin kamfanin Microsoft ne ya yi Xbox, shi ya yi Windows, bakinsu ɗaya. Na PlayStation na Sony ne, wasanni da yawa ba sa jin yarensa sai da tafinta. In ta Steam, wato manhajar saye da buga wasanni a kwamfuta, kuke buga wasan, ku shiga saitinta, wajen Controller, ku kunna tallafin hannun PlayStation. In ba ta Steam ba ne, akwai manhajar kyauta mai suna DS4Windows, wadda take sa kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin hannun Xbox. Kada ku yi mamaki in wasa ya ce ku danna A alhali babu A a hannunku. Madannin X da ke ƙasa ake nufi, B kuma shi ne da'ira. A nawa ganin, wanda bai saba da kwamfuta ba ya tsaya a Steam, kuma kada ya bar manhajojin biyu suna aiki tare, don dannawa ɗaya tana iya zama biyu.

In kun tashi mayar da hannun PlayStation da kuka haɗa ta Bluetooth ga na'urarsa, ba zai kama da kansa ba, tunda ya koma kan kwamfuta. Ku haɗa su da kebul, ku danna PS.

Aikin gwaji: ku haɗa hannu da kebul. Ku riƙe madannin Windows a kibod, ku danna R. A cikin akwatin da ya fito ku rubuta joy.cpl, ku danna Enter. Ku zaɓi sunan hannun, ku buɗe Properties. Ku juya sandar hagu, za ku ga wata 'yar alama tana binta a allo. Ku danna madannai ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta a littafinku lambar da ta haska ga kowanne.