Kurakuran da muke tafkawa a IELTS, daga bakin wanda ya zauna ta sau biyu

Ƙanwata ce ta sa na zauna rubuta wannan. Nas ce a nan Gombe, tun bara take tara kuɗin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci ga masu neman karatu ko aiki a waje, don tana son yin rajista da NMC, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya. Ranar Juma'a bayan la'asar ta shigo da littafin da take gwajin rubutu a ciki, ta ce "Yaya don Allah duba min wannan". Ina buɗewa sai ga kurakuraina na da a jere, kamar ni na riƙe mata biron. Ni sau biyu na zauna jarrabawar nan, karon farko rabin maki ya hana ni a ɓangaren rubutu, rabin maki kacal fa, kuɗin rajista da na motar Abuja da na masauki duk suka bi ruwa, na fi wata ban son a yi min zancen.

Abin da na gano daga baya shi ne yawancinmu ba Turancin ne yake kayar da mu ba. Mutum ya yi sakandare da Turanci, ya yi digiri a ATBU ta Bauchi ko jami'ar jihar Gombe da Turanci, kullum da shi yake rubuta rahoto a wajen aiki, amma ya je ya samo maki 6 cikin 9. Rashin sanin jarrabawar ne, muna shigarta da irin shirin WAEC, a yi hadda a je a juye, ita kuwa ba haka aka gina ta ba.

Tun kafin a shiga ɗaki ake fara yin kuskure. IELTS iri biyu ce, akwai Academic akwai General Training, sauraro da magana ɗaya ne a dukkansu amma karatu da rubutu sun bambanta. Jami'o'i da NMC Academic suke so, mai neman zama a Kanada ta Express Entry kuma General zai yi, sannan wasu bizar Birtaniya sai wadda ake kira IELTS for UKVI. Kada ka tambayi ɗan guruf ɗinku na WhatsApp, shiga shafin makarantar ko hukumar da kanka ka karanta abin da suka rubuta. Sakamakon kuma shekara 2 ake karɓarsa, to kada ka yi gaggawar zama alhali ko takardun makaranta ba ka haɗa ba. Fasfo ɗinka ma ka duba bai ƙare ba, wanda ka yi rajista da shi shi za ka riƙo ranar.

Sai batun maki da mutane da yawa ba su fahimta ba. Ana ba kowane ɓangare daga 0 zuwa 9, a haɗa huɗun a raba. To a ce ka samu 8 a sauraro, 8 a karatu, 7 a magana, 6 a rubutu, in an haɗa an raba huɗu 7.25 ke nan za a ɗaga maka zuwa 7.5, ka fito kana murna, amma NMC 7 take so a sauraro da karatu da magana sannan aƙalla 6.5 a rubutu, wannan 6 ɗin ita kaɗai ta rushe komai. Shi ya sa nake ce wa ƙanwata ta daina ɓata dare a kan abin da ta riga ta iya, inda ƙafarta take ciwo nan za ta sa magani.

Rubutu kuwa nan ne maƙabartarmu. Mu an raine mu a kan cewa mai ilimi shi ne mai fasa manyan kalmomi, wanda in ya yi magana a taro sai an nemo ƙamus. Na ga ƙanwata ta cika shafi da "plethora" da "myriad" da "in this contemporary era", na tambaye ta me take son faɗa a wannan sakin layin, ta yi min bayani da Hausa cikin jimla biyu tsaf, na ce to wannan ɗin shi za ki rubuta. Masu duba takarda abu huɗu suke aunawa: ko ka amsa abin da aka tambaya, ko maganarka tana bin juna, yawan kalmominka da dacewarsu, sai nahawu. Babbar kalma a gurbin da ba nata ba rage maka take yi. Haka gabatarwar nan da ake haddacewa daga YouTube, sun karanta irinta har sun gaji, suna gani suke ganewa.

Rubutun minti 60 ne, aiki biyu. Na farko kalma 150 aƙalla, na biyu 250, kuma makin na biyun ninkin na farko ne, amma sai ka ga mutum ya zauna a kan jadawalin da ake bayarwa a aikin farko minti 35 yana kwafe kowace lamba, ya zo babban aikin a guje. Abin da ya same ni ke nan. Minti 20 ya ishi na farko, kuma a Academic abin da ake nema shi ne ka faɗi babban abin da hoton yake nunawa, me ya hau me ya sauka, wane ne ya fi, ba ra'ayinka ba kuma ba dalilin da kai kake zato ba. A na biyu ka karanta tambayar sau biyu, in an ce ka tattauna ɓangare biyu sannan ka faɗi naka ra'ayin to abu uku ne a kanka, ka bar ɗaya ka bar maki. Kuma a nemi wanda ya fi ka ya riƙa duba maka, don akwai Turancinmu na gida da kunnenmu ya saba da shi har ba ma jin kuskure ne, irin su "discuss about" da "informations" da "my junior brother". In a kwamfuta za ka yi, wallahi ka koyi bugu tukuna, wanda da yatsa biyu yake neman harafi lokaci zai cinye shi, ko shagon kwamfuta ne ka riƙa zuwa kana biyan awa ɗaya.

A sauraro sau ɗaya tak ake kunna muryar, tambaya 40 cikin kusan minti 30. Kunnenmu ya saba da Turancin Najeriya, can kuwa za ka ji ɗan Ingila, ka ji ɗan Ostireliya, ka ji na Amurka. Yadda muke kama BBC Hausa da asuba, a daure a ƙara minti 20 na sashen Turancinsu kullum. Ƙananan abubuwa ne suke cin maki a nan, "s" ɗin jam'i da muke haɗiyewa, 13 da 30, harafin G da J in ana jero suna, kuskuren harafi ɗaya amsa ta tafi. In an ce kada ta wuce kalma biyu ka rubuta uku, ita ma ta tafi. Sannan suna da tarko, mai magana zai ce Talata, can ya ce a'a yi haƙuri Laraba ce, kai kuwa ka riga ka rubuta Talata ka yi gaba. In tambaya ta wuce ka bar ta, bin ta shi yake jawo asarar uku a bayanta.

Karatu ba zan daɗe ba. Dogayen rubutu uku ne a Academic, minti 60, babu ƙarin lokacin kwafe amsa, kuma wajen 30 cikin 40 ake nema don a kai 7. Kada ka tsaya fassara kowace kalma a zuciyarka, duba tambaya ka nemo wurinta. Inda ake yawan zamewa shi ne tambayoyin True, False, Not Given, wato gaskiya ne, ƙarya ne, ko rubutun bai faɗa ba, musamman ma'aikatan lafiya in rubutun ya taɓo fanninsu sai su amsa da abin da suka sani a asibiti. Abin da takarda ta ce kawai, in ba ta faɗa ba to ba ta faɗa ba. Kuma ba a rage maki don ka yi kuskure, kada ka bar gurbi fayau.

Magana ita ce ta fi taɓa min zuciya, don tarbiyyarmu ce take juyowa ta zama mana cikas. An koya mana in babba yana tambaya ka sunkuyar da kai ka amsa a taƙaice, kunya ce kuma abu ne mai kyau a gida, amma a ɗakin nan minti 11 zuwa 14 gare ka, in ka yi ta "yes" da "no" me mutumin zai auna? Na zaunar da ƙanwata na ce ta ba ni labarin garinsu, ta ce "Gombe is a nice place" ta yi shiru tana kallon tabarma. Na ce ina zafin watan Afrilu, ina cunkoson babbar kasuwa ana gobe Sallah, ina hanyar Dadin Kowa da damina? Nan take bakinta ya buɗe. Ba gaskiyar labarin ko zurfin iliminka ake dubawa ba, yadda maganar take gudana ake ji. A kashi na biyu za a ba ka kati da minti 1 na shiri ka yi magana har minti 2, to ka riƙa gwadawa da agogon waya kana naɗar muryarka, za ka ji da kunnenka inda "p" take komawa "f", inda "people" da "paper" suke sauya kama, da wasalin da muke cusawa a tsakiyar "school". Wannan a gyara, amma kada a ce sai an maƙale murya kamar Bature, ba a neman haka, a dai fahimce ka ba tare da wahala ba.

Masu cewa a turo kuɗi za su ɗaga maki ko su kawo tambayoyi, ɓarayi ne, makarantu ta intanet suke tantance sakamako kai tsaye daga masu jarrabawar. Hanyar halal tana nan, wanda ya yi a kwamfuta akwai damar sake ɓangare ɗaya kaɗai cikin kwana 60 da ake kira One Skill Retake, sai dai ka fara tabbatarwa inda za ka kai suna karɓa.

Mu da za mu taso daga Gombe ko Bauchi kuma, a tafi ana gobe ko ma kwana biyu kafin, a je a ga wurin da ido, ka kuma duba ranar maganarka don wani lokaci ba rana ɗaya take faɗowa da sauran ba. Ƙanwata dai mun yi da ita ba za ta biya kuɗi ba sai ta yi cikakken gwaji sau uku a zaune da agogo, waya a kashe, daga littattafan tsoffin tambayoyi na Cambridge. Asabar mai zuwa za mu yi na farko, ni ne mai riƙe agogon.