Yadda nake lissafin abin sha idan biki ya faɗo lokacin zafi

Bikin ƙanwata ne ya koya mini wannan lissafi, kuma sai da na ji kunya kafin na iya. An damƙa mini sha'anin abin sha, na ƙirga mutum 150, na sayo kwalba 150, na naɗe hannu ina ganin na gama aikina. Rana ta take sosai a ranar. Ba a ci rabin taro ba sai ga ƙaramar ƙanwarmu ta zo ta raɗa mini a kunne, "Yaya, wai an ce babu saura." Na leƙa tebura, ga kwalabe nan birjik, kowacce an sha rabi an ture gefe saboda ta yi ɗumi. Abin da na sayo bai ƙare a cikin mutane ba, a kan tebur ya lalace.

Tun daga ranar na daina ƙirga kawuna kawai. Abu uku nake haɗawa: mutum nawa ne, awa nawa za su zauna, kuma kofi nawa ke fita daga kwalba ɗaya.

Fara da kwalbar, don ita ce ba ta canzawa. Ruwan inabi na kwalba, mai barasa ne ko marar barasa, yawanci mililita 750 ne. In ana zuba mililita 150 a kofi, kwalba ɗaya kofi biyar ce. In an rage hannu zuwa 125, ta ba da shida. Ni da biyar nake lissafi, domin wanda ke zubawa a cikin hayaniyar biki ba ya aunawa, kuma hannun mai murna nauyi gare shi. Katan mai kwalba 12 lita tara ke nan, wato kofi 60. Wannan adadi na 60 shi za ka riƙe a kai, da shi za ka yi magana da mai sayarwa.

Sai awoyi. Masu aikin taro suna da wani ƙiyasi da na gwada na ga yana kusa da gaskiya: kofi biyu a awar farko, sannan kofi ɗaya a kowace awa bayan nan. Dalilin awar farko a fili yake. Mutane sun iso daga hanya, sun yi gumi cikin kayan ado, maƙogwaro ya bushe, kofin farko ba a ma jin ɗanɗanonsa. Saboda haka taron awa huɗu kofi biyar ne ga babban mutum ɗaya.

A ce baƙinka 120 ne, 20 daga ciki yara. Manya 100 sau kofi biyar, kofi 500 ke nan. Amma ba duka ruwan inabi ba ne. A nan ne sanin mutanenka ya fi kowane ƙiyasi amfani, don kai ka san wa ke sha, wa ba ya taɓawa, wa likita ya hana zaƙi. Idan na ga taron gauraye ne, nakan ba ruwan inabi kashi biyu cikin biyar, wato kofi 200, kwalba 40. Na ƙara kashi 10 cikin 100 saboda wadda za ta fashe, da wadda za a buɗe a manta, da baƙon da ya zo da baƙonsa. Ya zama 44, sai in cike shi katan huɗu, kwalba 48. Sauran kofi 300 lemo ne da ruwan 'ya'yan itace. In na gwangwani ne mai mililita 330, katan 13 masu guda 24 sun wadatar, sai ka ƙara biyu saboda yara, waɗanda ke buɗe uku su shanye ɗaya.

Idan a tsarin bikin akwai ɗaga kofi don yi wa ango da amarya fatan alheri, wannan lissafinsa daban. Kurɓa ɗaya ake yi a ajiye, don haka mililita 100 ya isa, kwalba ta ba da kofi bakwai. Mutum 100, kwalba 15. Kada a buɗe su sai lokacin ya yi.

Game da farin ruwan inabi da ja: a zafi farin ya fi tafiya, domin da sanyi ake shan sa. Nakan sayi biyu fari, ɗaya ja. Farin yana son sanyin digiri 7 zuwa 12, jan kuma 15 zuwa 18. Mutane suna jin an ce ja ba a sanyaya shi, sai su bar shi a rumfa cikin zafin digiri 35, ya zama kamar shayin da ya huce. Minti goma sha biyar a cikin ruwan ƙanƙara yana gyara shi.

To amma duk wannan lissafi ba zai tsaya ba in babu abu biyu da mutane ke rainawa saboda arharsu: ruwa da ƙanƙara. A ganina su ne ainihin maganar.

Mai ƙishi ba ya zaɓe. Duk abin da ya tarar mai sanyi shi zai kwankwaɗa, ko da shi ne mafi tsada a wurin. In ruwan sanyi ne ya fara tarar da shi a bakin ƙofa da kan tebur, zai kashe ƙishinsa da shi, sannan ya sha sauran a hankali. Na ga taro biyu masu yawan mutane kusan ɗaya, ɗaya an jera ruwa tun kafin a zauna, ɗaya kuma sai an roƙa. Na biyun ne kwalabensa suka ƙare da wuri. Ina ware lita ɗaya ga kowane mutum har da yara, in a fili ne ƙarƙashin rumfa in kai ɗaya da rabi. In akwai mai barasa a taron, ruwan ya ƙara zama dole, don barasa tana sa yawan fitsari, ta ƙara busar da jiki.

Ƙanƙara kuwa, kilo ɗaya ga mutum ɗaya nake saya, kuma ban taɓa nadama ba. Sauko da kwalba ɗaya daga digiri 30 zuwa 8 yana cinye kusan kwatan kilo, ban da wadda rana ke narkarwa a banza. Kwalabe 63 da gwangwani sama da 300 da ruwan sha, ka ga kilo 120 ba almubazzaranci ba ne. A raba ta biyu: wadda za a saka a kofi ta zauna a rufe, mai tsabta, ba a tsoma hannu, wadda za a sanyaya kwalabe ta tafi cikin baho ko kula.

Ga wani abu da na daɗe ban sani ba. Kwalba a cikin ƙanƙara zalla, babu ruwa, ba ta saurin sanyi, don iska ce a tsakanin ƙanƙarar, kuma iska ba ta ɗaukar zafi kamar ruwa. Zuba ruwa har ya kai wuyan kwalaben, ka watsa gishiri cikin tafin hannu biyu ko uku. Cikin minti 20 zuwa 30 sun yi sanyi, abin da firiji zai ɗauki awa biyu ko uku yana yi. Abin sha mai gas ya fi kowanne buƙatar wannan, domin gas ɗin yana zama a cikin ruwa mai sanyi. In kwalbar ta yi ɗumi, kana buɗewa rabinta ya tafi a kumfa a kan rigar wani.

Kada a jibge kwalabe a kan tebura tun farko, kuskurena ke nan a bikin ƙanwata. A fito da su kaɗan-kaɗan, mutum ɗaya ya tsaya a kan kular yana lura. Kada kuma a bar katan a bayan mota cikin rana, zafin da ke taruwa a nan yana ɓata ɗanɗanon ruwan inabi, wani lokaci har ya turo toshiyar kwalba.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai sayarwa ko zai karɓi katan ɗin da ba a buɗe ba, ya kuma rubuta maka hakan a rasit. Da yawa suna yarda, amma da sharaɗin takardar jikin kwalbar ba ta jiƙe ba. Saboda haka katan na ƙarshe nakan bar shi a inuwa, a ɗaure yadda ya zo, ba na tsoma shi cikin ruwa sai na ga wanda ke gabansa ya kai rabi.