Yadda Ake Faɗaɗa Zangon Ƙaramar Tashar FM Kafin a Sayi Sabuwar Na'ura

Da zarar masu sauraro daga Kumo ko Malam Sidi sun fara bugo waya suna cewa tasha na ta shuuu, sai ka ji manaja ya ce a sayo tiransimita, wato na'urar watsa shirye-shirye, mai ƙarfi. A wata tasha da na yi aiki a nan Gombe an cire mai kilowat 1 an sa mai 2. Kuɗi suka tafi, shan man janareta ya ƙaru, ƙorafi kuwa yana nan yadda yake.

Fara da fita ka ji da kunnenka. Ka bi hanyar Dukku, ta Bajoga, ta Dadin Kowa da ta Kaltungo, kana tsayawa kana rubuta inda murya ta fara rawa da inda ta ɗauke. Kada ka gwada da rediyon mota, yana da kunne fiye da na talaka. Ka riƙe ƙaramin rediyo mai batir da waya mai iyafis, irin wanda mai shayi ke rataye wa a ƙusa. Abin da ya kama shi ne zangonka na gaskiya.

Sai ka dubi tsayin eriya. FM miƙe take tafiya kamar hasken fitila, dutse ko tudu na tare ta, ga shi garin Gombe a cikin kwari yake. A fili, eriya mai tsayin mita 30 tana hango kimanin kilomita 22, mai mita 60 kuma kusan 32. Ninka ƙarfin na'ura ba ya ninka nisa, don haka gara ka hau sama. In ba ka da kuɗin gina hasumiya, nemi haya a jikin ta wani da ke kan tudu.

Yanzu ga inda ni na sha wuya: kebul ɗin da ya tashi daga na'ura zuwa eriya. Namu ruwan damina ne ya shiga ta mahaɗarsa ta can sama, inda wani ya naɗe da salatif na masu gyaran wuta. Na'ura na nuna tana aiki lafiya, ashe wutar komawa baya take yi tana ƙona kanta. Ranar da muka sauke shi muka kwance bakin, ruwa ne ya tsiyayo mini a tafin hannu, jan ƙarfen ciki ya koma kore. Wata da watanni muna zargin NEPA.

Saboda haka kullum da safe a karanta SWR, wato ma'aunin da ke nuna yawan wutar da ke komowa baya daga kebul da eriya, a rubuta a littafi. In ya haura 1.5, a sa mai hawa ya hau. A naɗe kowace mahaɗa da robar nan mai mannewa da kanta, a lanƙwasa kebul ƙasa kafin ya shiga ɗaki don ruwa ya ɗige a waje. Kebul siriri mai araha kada ma ka taya shi, a hanya zai shanye maka wutar kafin ta kai sama. A kuma binne sandar jan ƙarfe a haɗa da hasumiya kafin hadarin farko, don tsawa ba ta jiran kasafin kuɗi.

In duk wannan ya daidaita har yanzu kana son ƙarin ƙarfi, nemi izinin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, tukuna, ita ke ƙayyade mita da ƙarfin kowace tasha.

Batun masu sauraro kuwa, a ajiye littafi kusa da wayar situdiyo, duk wanda ya bugo a tambaye shi garinsu. Bayan wata guda ka gwada sunayen da waɗanda ka rubuto a hanya. Sabon ƙauyen da ya fara bayyana, sa shi a filin gaishe-gaishe na bayan isha'i, kuma kada a kashe janareta a wannan lokacin.