Yadda ake haɗa shayin ganyen dandeliyon

'Yan uwa, wata ƙawata ce ta kawo mini busasshen ganyen nan har gida Gombe, tun daga nan nake ta haɗa shi. Ciyawa ce ta ƙasashen Turai mai fure ruwan ɗorawa, su can tun kaka da kakanni suna shan ta don ta sa fitsari ta kuma buɗe cin abinci, ai Faransawa ma sunan da suka ba ta yana nufin fitsarin kwance ne.

Da farko ki tafasa ruwa kofi ɗaya ki sauke.

Sai ki zuba ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na ganyen, ki rufe kofin da faranti ki bar shi minti 10, kar ki mai da shi kan wuta don Allah, ɗacin sai ya yi yawa kamar kin jiƙa shuwaka ba ki wanke ba.

Ki tace da rariya, ki sa zuma, ni har citta nake jefawa.

Da safe ko da rana ake sha, in kika sha da daddare kwana za ki yi kina zaryar banɗaki.

Ganyen yana da bitamin A da K da fotashiyam sosai, shi ya sa wannan magana nake so ki riƙe ta da kyau: mai shan wafarin (maganin hana jini daskarewa) ko ƙwayar sa fitsari ta hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko tsakuwar matsarmama, da mai juna biyu, kar su taɓa sai sun tambayi likita tukuna.