Kurakuran da ake yawan yi wajen gina titi ko gada a kan ƙasa mai kogo a ƙarƙashi

Akwai irin ƙasar da masana ke kira kast, wato inda dutsen ƙarƙashi na farar ƙasa ne, ko dolomait, ko jifsam, duwatsun da ruwa ke narkarwa sannu a hankali. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sama da cikin ƙasa ya zama ɗan asid mara ƙarfi, ya bi tsagar dutse yana ci, shekaru dubbai, har tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Abin da nake so duk mai aiki a irin wannan wuri ya riƙe shi ne, ramin nan hanyar ruwa ce, ko da ranar da ka leƙa ka gan shi a bushe. Kusan duk kuskuren da zan ambata daga mantawa da wannan yake tasowa.

Matsala takan fara tun kafin katafila ta iso. A haƙa 'yan ramukan gwaji nesa da juna, kowanne ya taɓo dutse mai ƙwari, a rubuta rahoto cewa ƙasa lafiya lau. To a kast wannan bai isa ba ko kaɗan, domin rami biyu na iya faɗawa kan dutse sumul alhali a tsakaninsu akwai kogon da mota za ta shige. Gyaran shi ne a fara da na'urorin da ke duba faɗin wurin gaba ɗaya, mai auna yadda lantarki ke ratsa ƙasa, da mai auna ɗan bambancin nauyin ƙasa, sannan a kai injin haƙa daidai inda suka nuna alamar tambaya. Na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ma tana aiki amma in akwai yumɓu mai jiƙa a sama ba ta gani da nisa, kuma mutane da yawa sun dogara da ita ita kaɗai sun yi nadama. A kuma taka wurin da ƙafa, a tambayi masu noma da kiwo a yankin inda ruwa ke ɓacewa in an yi sama, da inda ƙasa ta taɓa burmawa, galibi sun fi taswira sani.

Sai babban kuskuren, wanda shi ya fi ci min rai, a ci karo da kogo sai kawai a kira motocin kankare a yi ta ɗura har ya cika. Na farko dai ba ka san iyakarsa ba, kana iya ɗura mota bayan mota yana shanyewa saboda can ƙasa ya haɗu da wasu hanyoyin. Na biyu in ka yi nasarar toshe shi, ruwan da ke bi ta nan bai daina zuwa ba, zai taru ya nemi wata mafita, sau da yawa ta ƙarƙashin titin da ka gina, ko ya ɓullo a gonar wani. Siminti kuma yana canza ruwan da ya taɓa, ya kashe 'yan halittun da ke ciki. Dubi madatsar ruwa ta Hales Bar a kogin Tennessee na Amurka, an gama ta a 1913 a kan dutse mai ramuka, aka yi shekaru ana ɗura abubuwa iri-iri don tsayar da yoyo bai tsaya ba, daga ƙarshe aka haƙura aka gina ta Nickajack a madadinta a 1967. Madatsar Mosul a Iraƙi a kan jifsam take, tun shekarun 1980 ake ta ɗura siminti a gindinta ba hutawa.

Abin da ya kamata, in kogon babba ne a tsallake shi. A ƙasar Kuroshiya, lokacin haƙa ramin Vrata da titi zai bi ta cikin dutse a babbar hanyar Zagreb zuwa Rijeka, sun faɗa wani ƙaton kogo, sai suka gina gada a cikin ramin ta haye shi, kogon ya ci gaba da zamansa a ƙasa. In kuma ƙaramin rami ne da dole a rufe, a share shi har a ga maƙogwaronsa a jikin dutse, a jera manyan duwatsu a ƙasa, a bi da matsakaita, sai tsakuwa, sai yashi, yadda ruwa zai wuce amma ƙasa ba za ta bi shi ba. Ko a yi masa murfin kankare mai rodi da ya zauna kan dutse mai ƙwari ta kowane gefe, a bar ƙofar shiga don dubawa nan gaba.

Ruwan saman titi shi ma ana wasa da shi sosai. Wani zai ga rami kusa da aiki ya ce ai ga kwalbati kyauta, ya karkata magudana ciki. Ruwan kwalta yana ɗauke da mai da baƙin mai da ƙurar taya, kuma a kast babu yashin da zai tace shi, kai tsaye yake tafiya, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya fita a maɓuɓɓugar da gari guda ke sha. A 1901 gobara ta tashi a masana'antar barasa ta Pernod a garin Pontarlier na Faransa, barasar ta kwarara cikin kogin Doubs, bayan ɗan lokaci aka ji ƙanshinta a maɓuɓɓugar kogin Loue mai nisan kilomitoci, a nan aka tabbatar ashe a haɗe suke ta ƙasa. Yau ba sai an jira gobara ba, ana zuba rini mara cutarwa a ramin a sa ido a maɓuɓɓugai a ga inda zai fito da kuma saurinsa. A yi wannan kafin a zana magudanai, a shafe kwatoci da tafkunan tara ruwa yadda ba za su yi yoyo ba, wurin ajiye dizal da wankin injuna kuma a kai shi nesa da kowane rami. Tara ruwa mai yawa wuri guda ma kansa haɗari ne, shi ke wanke ƙasar da ke rufe da tsagar dutse har wata rana saman ya rufta.

Zuƙe ruwan ƙasa da famfo don a samu busasshen wurin aiki, wannan kam ya ci rayuka. A Afirka ta Kudu, a yankin dolomait da kamfanonin zinare suka janye ruwa, ƙasa ta haɗiye injin niƙa dutse na mahaƙar West Driefontein a Disambar 1962, mutum 29 suka mutu. Ruwan yana tallafe ƙasar da ke saman ramuka, in ya sauka tallafin ya tafi. In dole sai an zuƙa, a yi kaɗan-kaɗan, ana auna matakin ruwa a rijiyoyin gwaji kewaye da wurin.

Akwai kuma ɓoyewa. Direban katafila ya ga baki ya buɗe, iska mai sanyi na fitowa, shugaban aiki ya ce maza a tura ƙasa a rufe kafin wani ya gani, don kada aiki ya tsaya. Ni ban ɗora laifin duka a kan ma'aikaci ba, laifin na takardar kwangila ne da ba ta tanadi kuɗi da lokaci don irin wannan rana ba, ɗan kwangila ya san duk awar da ya tsaya daga aljihunsa ne. A rubuta tun farko, in an ga rami a tsayar da manyan injuna da fasa nakiya a kusa, a killace, a kira masanin kogo ya shiga ya auna ya zana, kuma ga wanda zai biya. Sulobeniya haka ta yi, masu bincike na cibiyar nazarin kast da ke Postojna suna bin aikin manyan titunan ƙasar, an rubuta kogo sama da 350 da aikin ya buɗe. Kwatanta da layin dogo na Tren Maya a Meziko, sashen da ke tsakanin Cancún da Tulum, inda aka kafa ginshiƙai suka huda rufin kogon ruwa, masu ninƙaya suka ɗauko hotunan siminti da ya zuba ciki.

In an yanke shawarar adana kogon, kada a bar sabon bakin a buɗe. Kogon da ya yi dubban shekaru a rufe yana da zafinsa da damshinsa da ba sa canzawa, iskar waje na busar da shi, ƙura da shara su shiga, masu yawo su karya duwatsun da ke rataye a rufinsa. A toshe bakin da aikin ya yi, amma asalin ƙofarsa in jemagu na bi a sa mata ƙarafa a kwance masu tazara yadda za su iya shiga da fita, a kuma kauce wa fasa dutse kusa da su a lokacin da suke da 'ya'ya.