Kurakuran da Sababbin Ma'aikata ke Maimaitawa Wajen Kashe Gobarar Daji

Duk shekara idan rani ya kama, sababbin ma'aikata suna shigowa aikin kashe gobarar daji, kuma kurakuran da na gani bara su ne nake sake gani bana, har abin ya ishe ni.

Mafi muni shi ne tawaga ta tsaya a saman gangare alhali wuta tana ci a ƙasa, ga kuma ciyawa da itatuwan da ba su ƙone ba a tsakani. Wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, domin zafinta yana busar da abin da ke gabanta tun kafin harshenta ya iso, mutum kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi a hawa. A haka ma'aikata 13 suka rasu a kwazazzabon Mann Gulch na jihar Montana ta Amurka a 1949, a haka kuma wasu 14 suka rasu a South Canyon ta jihar Kolorado a 1994. Ni kaina na taɓa raka abokin aiki asibiti da ƙuna a bayansa, saboda shugaban tawagarmu ya sa mu gangara muna share hanya zuwa wutar da ba ma ganinta, kuma har yau raina yana ɓaci idan na ji yaro yana cewa ai iska ta kwanta. Iskar da ta kwanta da hantsi ita ce ke juyawa da azahar. Saboda haka ba na barin kowa ya ɗaga gatari sai na ajiye mai sa ido a wuri mai tsayi da oba-oba a hannunsa, na kuma taka hanyar gudu da ƙafata, na nuna wa kowa filin tsira, wanda galibi ƙasar da ta riga ta ƙone ce.

Na biyu shi ne dogaro da jirgi. Da zarar an ji ƙugin jirgin sama, sai ka ga mutane sun ajiye shebur suna kallo, kamar aiki ya ƙare. Jirgin kashe gobara samfurin CL-415 yana ɗaukar ruwa wajen lita 6,000, amma abin da ruwan da jan sinadarin da ake zubawa suke yi shi ne rage wa wuta kaifi na ɗan lokaci. Idan ba a bi sawunsu nan take an kankare ƙasa har ta fito tsurarta don wuta ta rasa abin ci ba, an yi asarar mai da lokacin matuƙi. Kada kuma a tsaya a ƙarƙashin inda zai zuba, domin nauyin ruwan yana karya reshe, yana kayar da mutum.

Idan ana kankare ƙasar da katafila, direbanta ya riƙa ture tarkace zuwa ɓangaren da wuta ba ta kai ba, kuma a bi a baje tulin, domin garwashi yana kwana a ciki. Rigar nailan narkewa take yi a jikin fata, a bar ta a gida. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo.

Saura gaggawar tafiya gida da zarar harshen wuta ya ɓace. Gobarar tuddan birnin Oakland na jihar Kalifoniya ta 1991, wadda ta kashe mutum 25, ta taso ne daga wutar ciyawa da aka ɗauka an kashe kwana guda kafin nan. Al'adata ita ce in tona gindin kowane kututture da ke kusa da iyakar ƙuna, in gauraya tokar da ruwa da ƙasa, sannan in cire safar hannu in kusantar da bayan hannuna, idan na ji ɗumi mu sake tonawa.